Kyaftin ɗin Ƙanƙara Mai Tsoron Bokiti

Wata sabuwar sarauta ta shigo gari, ba naɗi a fada, ba tambari, ba algaita: kyaftin ɗin tekun ƙanƙara. A shagon gem ake rabon ta, kuma galibin masu riƙe da ita ko kwalekwalen fito ba su taɓa hawa ba.

Wasan da ya jawo mana wannan shi ne Assassin's Creed Rogue, wanda kamfanin Ubisoft na Faransa ya fitar a 2014. Kai ne Shay Cormac, kana tuƙa jirgin ruwa mai suna Morrigan a arewacin tekun Atlantika, wajajen gaɓar Kanada, zamanin da Ingila da Faransa ke gwabza Yaƙin Shekara Bakwai. Sai dai ba ko'ina ake barinka ka kutsa ba. Ruwa ya daskare ya toshe mashigai, dole ka yi ta cika aike har a ɗaura wa goshin jirginka ƙarfen fasa ƙanƙara. Daren da saurayi ya samu ƙarfen nan, unguwa ba ta runtsawa. "Na buɗe arewa! Wallahi na buɗe arewa!" Tsohuwar maƙwabta ta farka tana salati, ta ɗauka juyin mulki aka yi.

A dokar wasan, in Shay ya faɗa ruwan nan, sanyi na cin ƙarfinsa kaɗan-kaɗan har ya hallaka muddin bai fito ba. Kyaftin namu ko gezau. Yana iyo tsakanin duwatsun ƙanƙara, yana farautar wani kifi mai dogon haure, yana ta kurin shi ba ya gudu ba ya ja da baya. To, bari hunturu ya kankama a Janairu. Shi ne za ka gani da hular sanyi har kunne, da safa, da riga uku, ya tsaya a kan bokiti ana shawara. Ya tsoma ɗan yatsa, ya janye, ya dubi sama. "Inna, don Allah a ɗan ɗora min ruwa." Wanka sai Juma'a, shi ma in rana ta leƙo. Da asuba kuwa ladan na ta kira, gwarzon teku na ƙarƙashin bargo yana ba kansa fatawar taimama.

Ga kuma batun aike. Mutumin da ya kwana yana tara katako da ƙarfe don gyaran jirgin da babu shi, a ce ya sayo gawayi a bakin titi, sai ya ce wurin da nisa.

Waɗanda suka shiga tekun gaske dai sun ɗanɗana kuɗarsu. A 1845 John Franklin ya tashi daga Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, neman hanyar da ta ratsa arewacin Kanada. Mutum 129 suka kutsa, ƙanƙara ta riƙe su, ba wanda ya dawo, jiragen ma sai a 2014 da 2016 aka gano su a ƙarƙashin ruwa. Kyaftin namu babban bala'in da yake tsoro shi ne a ɗauke wuta, mai shago ya ce janareto ba mai.

Iyaye, kada ku ƙwace komai, kada ku yi faɗa. Yaran nan sun saba da bin mataki-mataki, sai ku gindaya musu sharaɗi irin wanda suke ganewa: ba kuɗin gem sai an yi wanka an sayo gawayi.