Ranka Ya Daɗe, Tashi Daga Lungun Nan: Shawara Ga Tuɓaɓɓen Basaraken Littattafan Almara

Ranka ya daɗe, ba sai ka gabatar da kanka ba. Duk mai karanta littattafan almara na Turawa, irin na takubba da matsafa da dodanni masu aman wuta, ya san ka. Kai ne ɗan babban gidan da ya yi abin kunya, aka tuɓe shi, aka ƙwace ƙasarsa, yanzu yana gararamba da tsohuwar alkyabba yana neman hanyar wanke sunansa. Zazzaɓin daminar bana ya kwantar da ni, ƙanina ya jibge mini littattafan nan a gefen gado, kuma kusan duk wanda na buɗe sai in tarar da kai a ciki. Suna ya canja, launin alkyabba ya canja, hali yana nan daram. Na tashi daga jinyar da haushinka a raina, da tausayinka kuma, domin da gaske nake so ka gyaru. Ba zan tsaya ce maka ka bar giya ko ka nemi doki mai lafiya ba, wannan marubucinka ma ya sani. Ga abin da bai gaya maka ba.

Na ɗaya, yi wanka. An bar maka gemu buzu-buzu da rigar da ta shekara ba ta ga sabulu ba don a hango baƙin cikinka daga nesa, amma wanda ya zauna kusa da kai ne ke shan wahalar. Dubi Cazaril na littafin The Curse of Chalion, wanda Lois McMaster Bujold ta fitar a 2001. Shi ma basarake ne, kwamandan sansanin yaƙi, aka ci amanarsa aka sayar da shi bawa yana tuƙa jirgin ruwa. Da ya kuɓuta ya tako da ƙafa har garin da ya yi hidima yana yaro, abin da ya fara yi da 'yan kuɗin da ya samu shi ne ya kai kaya wanki, ya shiga gidan wanka, sannan ya je ya yi sallama. Wanda aka zalunta ke nan. Kai da ka yi zaluncin me kake jira?

Na biyu, tashi daga lungun nan. Ka san lungun da nake nufi. Kowane masauki a littattafan nan yana da shi, mai duhu, nesa da murhu, yana kallon ƙofa. Nan kake zama ka jawo hular alkyabba ta rufe maka fuska, da kofi ɗaya a gabanka tun magariba har asuba. Yaro ya zo neman taimako, an kashe masa iyaye, ka ce masa ya tafi, ai bai san ko kai wane ne ba. To, faɗa masa mana! Ina, sai ka zura wa wuta ido, ka shafa tabon da ke kumatunka, babi ya ƙare. Babi na gaba a sake tambayarka, ka ce akwai abin da gara a bar shi a binne. Mu kuwa muna riƙe da littafi mai nauyin turmi, hannu ya sage, ido ya yi ja, muna jira sai an ci shafi ɗari huɗu kafin ka buɗe baki a bakin wani rafi, alhali mun gano sirrin tun a babi na uku. Masu karatu 'yan'uwana, kun san wannan azabar, ba sai na ja ta ba.

Jaime Lannister na George R. R. Martin shi ne uban masu wannan shirun. Ya kashe sarkin da ya yi rantsuwar karewa, Aerys, saboda sarkin ya shirya ƙone babban birnin da mutanen cikinsa baki ɗaya. Da ya faɗi haka ranar da abin ya faru, da magana ta canja. Girman kai ya hana shi. Ya bar mutane suna kiransa makashin sarki shekara da shekaru, sai a littafi na uku, A Storm of Swords na 2000, bayan an datse masa hannun dama, ya gaya wa jaruma Brienne a wurin wanka. Abin da ke ci mini rai shi ne, laifin da ake zaginsa a kai ba shi ne babban laifinsa ba. Babban laifinsa yaro ne ɗan shekara 7, Bran, da ya turo daga tagar hasumiya ya nakasa shi. Littattafai biyar sun fito, bai taɓa tsayawa gaban yaron ya ce ya yi kuskure ba.

Kafin in bar zancen lungu, ina so a yi wa matar da ke riƙe da masaukin nan adalci. Teburinta guda ka mallake, ba ka sayen abinci, baƙi na tsoron zama kusa da kai. Rana ɗaya maƙiyanka su shigo, a yi faɗa, a karya kujeru, a fasa tukwane, a zubar mata da miyar da ta wuni tana yi. Kai kuma ka jefa mata tsaba ɗaya a kan tebur ka fice cikin ruwan sama, ko waiwaye babu. Wa zai gyara ƙofar? Wa zai kwashe gawawwakin? Gobe dogarai su zo, ita za su tasa a gaba. Ban taɓa cin karo da babin da ka dawo ka tambaye ta nawa ta kashe ba. Idan kana neman inda za ka fara wanke suna, ga shi nan kusa, ba sai ka ƙetare hamada ba.

Na uku, nemi sana'a, kuma ka daina yi mata kallon ƙasƙanci. A The Hobbit na Tolkien, wanda ya fito a 1937, Thorin jikan sarki ne da dodo ya kore su daga dutsensu. Da yake ba da labarin gudun hijirarsu, yana ambaton ƙira da haƙar gawayi a matsayin iyakar faɗuwar da suka yi. Ƙira fa! Sana'ar da a ƙasarmu take da sarkinta, wadda manomi ba ya shiga gona sai da ita. Cazaril da na ambata ya je ne da niyyar roƙon ko da ƙaramin aiki a gidan, aka ba shi aikin magatakarda da koyar da gimbiya Iselle, ya zauna yana lissafin kuɗin gida da duba wasiƙu, kuma daga wannan teburin ya ceci masarauta. Takobin kakanninka mai suna da tarihi, wanda kake kwana kana gogewa, sayar da shi. Za ka buƙaci kuɗin, kuma yanzu zan gaya maka dalili.

Na huɗu... a'a, a bar lissafin nan, domin zancen Jorah Mormont ba ya shiga layi. A labarin da Martin ya fara da A Game of Thrones na 1996, Jorah shi ne mai mulkin wani tsibiri matalauci a arewa. Ya auro Lynesse, 'yar gidan Hightower, wadda ta saba da daula, ya ci bashi har wuya don ya faranta mata. Da kuɗi suka ƙare sai ya kama wasu talakawa suna farauta a dajinsa ba izini, ya sayar da su ga wani mai fataucin bayi. Hukuncin wannan kisa ne a ƙasar. Da ya ji Eddard Stark, mai mulkin arewa, na tafe ya zartar, sai ya ɗauki matarsa ya tsere ƙetare, can kuma ta bar shi ta koma gidan wani attajiri. Daga nan fa sai neman afuwa. Ya yi wa gimbiya Daenerys leƙen asiri don sarki ya yafe masa ya koma gida. Da ta gano ta kore shi, sai ya sace Tyrion, ƙanin Jaime, don ya kai mata ta yafe masa. Kullum idonsa na sama, wajen mai gadon mulki. Mutanen da ya sayar kuwa, ko sunayensu littafin bai faɗa ba, shi kuma idan ya tuna da su da raini yake ambatonsu, haushinsa duk a kan Stark yake. Wataƙila suna da mata, suna da 'ya'ya, yunwa ce ta kai su dajin. A littafi na biyar, na 2011, shi kansa an kama shi an sayar, an yi masa tambarin wuta a fuska. Ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana wa wasu, amma ban ga inda ya ce bari in bi sawun mutanen nan in fanso su ba.

Wannan ita ce cutarka, ranka ya daɗe, kai da duk 'yan'uwanka. Yaron islamiyya ma zai lissafa maka sharuɗɗan tuba: ka yi nadama, ka bar laifin, ka ƙudurta ba za ka koma ba, sannan idan haƙƙin wani ne ka mayar masa ko ka nemi yafiyarsa. Uku na farko kun iya su, har kun wuce gona da iri wajen nadamar, na huɗun ne kuke tsallakewa. Kun zama kamar wanda ya cinye bashin mai shagon unguwarsu, ya tafi wani gari yana rabon sadaka a ƙofar masallaci. Ka kashe dodo, ka tare gada kai kaɗai, ka ceci gimbiya, duk an gode. Matar da ka mayar gwauruwa ba ta san an yi ba, tana can tana surfe don ta ciyar da marayu. Abin da kake nema a zahiri shi ne rawaninka da kirarinka, shi ya sa tafiyarka kullum take nufar fada.

Sai kuma mutuwa. Don Allah kada ka mutu. Na san daga ina kuka koyo. Boromir ɗan Denethor, a labarin Tolkien, ya yi yunƙurin ƙwace zoben sihiri daga hannun Frodo, hankalinsa ya dawo, ya tsaya yana kare Merry da Pippin har kibau suka gama da shi, ya faɗa wa Aragorn laifinsa da bakinsa kafin ya cika. Wurin nan yana taɓa zuciya, kuma ina girmama shi, domin tsakanin laifin da mutuwar ko wuni ba a yi ba, bai samu sararin wani gyara ba. Amma tun 1954 da Tolkien ya rubuta wannan, kowane basarake mai laifi ya ɗauka kibiya ce ke biyan bashi. Shekara goma yana yawo bai nemi kowa gafara ba, sai a shafin ƙarshe ya faɗa tsakiyar maƙiya, a yi masa kuka, a binne shi da takobinsa. Frodo ma bai ji ban-haƙurin Boromir ba, ya riga ya yi nisa. Thorin ya shirya da Bilbo a kan gadon mutuwa, madalla, amma kason dukiyar da mutanen Bard suka nema bayan dodo ya ƙone musu gari, Dain ne da ya gaje shi ya biya. Mutuwarka sauƙi ce ga marubuci, magada kuma su kwana da masu bin bashi a ƙofar gida.

Akwai wanda ya kusa kamo hanya, Dalinar Kholin na Brandon Sanderson. A littafin Oathbringer na 2017, mai shafi sama da 1,200, an nuna ya ƙone birnin Rathalas, matarsa Evi ta mutu a cikin wutar ba da saninsa ba. Ya bi duk hanyoyin da kuka saba, ya nutse a giya, har ya je aka shafe masa tunanin abin. Da tunanin ya dawo, maƙiyinsa ya yi masa tayin ya ɗora laifin a kansa ya huta, Dalinar ya ƙi, ya amsa cewa shi ya aikata. Sannan, a ƙasar da maza ba sa karatu da rubutu, ya zauna ya koyi rubutu yana babban mutum, ya rubuta laifinsa don kowa ya sani, har 'ya'yansa. Wannan ya fi kashe dodo wuya, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Ko da yake ina lura cewa mulki bai bar hannunsa ba, kuma waɗanda wutar ta ci ba su da bakin cewa sun yafe ko ba su yafe ba.

Marubutanmu na littattafan yaƙi, idan za ku aro wannan basaraken, ku bar masa lungunsa a can. Muna da namu tun 1934. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar gida ne saboda an kunyata Liman, mijin mahaifiyarsa, a fada, kuma duk da shiriritarsa da Malam Zurƙe a hanya, ya dawo da ruwan da ya warkar da ɗan sarki. Tafiyar wanke suna ce da ta amfani mara lafiya.

Sauran a gurguje. Tabon fuskarka, mun gani, daina shafawa. Amintaccen baranka da ya bi ka gudun hijira ba albashi, biya shi, ka kuma tambayi sunan 'ya'yansa. Gimbiyar da kake gadi ka girme ta nesa ba kusa ba, Daenerys tana da shekara 13 lokacin da Jorah ya fara bin ta, shi kuwa ya haura arba'in, don haka kau da idonka, ba ladan tubarka ba ce. Akwai maganar doki da ta waƙar da maroƙa ke yi maka, amma raina ya ɓaci, na bar su.

Littafi na shida na Martin bai fito ba tun bayan na 2011, wato mafarautan nan har yanzu suna hannun wanda ya saye su. Ranar da ya fito, ba zan fara da neman wanda ya hau karaga ba. Zan bi shafukan Jorah ɗaya bayan ɗaya in ga ko ya shiga kasuwar bayi da kuɗi a hannu yana tambayar inda aka kai mutanen tsibirinsa.