Ƙafar Hagu Ba Ta Kallon YouTube

Duk abin da ya same ni, ƙanin matata ne ya jawo. Wata Juma'a mun taso daga ɗaurin aure a Kumo, shi a Fijo 406 ɗinsa, ni a Marsandi 190 ɗina 'yar 1989, wadda nake wankewa da hannuna kowace Asabar. Muna dab da shiga Gombe ya jero da ni, ya sauke gilas, ya ce, "Yaya, in jira ka a gida ne, ko in turo a ɗauko ka?" Kafin in gama sauya giya ya ɓace, sai ƙura. Uwargida tana gefena, ta juya fuska wajen taga, amma ina ganin kafaɗunta suna rawa.

Wasan ƙanin mata wasa ne, kowa ya sani. Wannan dai ya zauna mini a maƙogwaro. Daren nan na ƙarar da datar wata guda a YouTube, ina kallon yadda Amurkawa ke tseren miƙe: mota biyu, hanya miƙaƙƙiya, tsawon rubu'in mil, wato mita 402. Har hukuma gare su, NHRA, wadda wani Wally Parks ya kafa a Kalifoniya a 1951 don ya raba samari da tsere a kan titin jama'a. Wannan ɓangaren na wuce shi da sauri. Manyan dodanninsu, tun 2008, ƙafa 1,000 kawai suke gudu, su gama cikin ƙasa da daƙiƙa 4, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa. Waɗannan ban sa su a lissafi ba. Na ƙasa da su ne suka ɗauke mini hankali, don akasarinsu giyar otomatik suke sakawa, musamman wata tsohuwa mai suna Powerglide, mai giya biyu kacal, wadda aka saka wa motocin Chevrolet daga 1950 zuwa 1973. Dalilinsu mai sauƙi ne. Duk sanda ka taka kuloci, ka raba inji da taya, abokin hamayyarka kuwa bai tsaya jiranka ba. Na ajiye waya na yi ajiyar zuciya. Ashe ba ni da laifi, kuloci ne.

Washegari na shiga wajen masu kayan gyara. Na farko na ce masa, "Kana da Powerglide?" Ya ce, "Fawa me? Malam, in fawa kake nema, mahauta suna can ƙasa." Na biyu ya miƙo mini man sitiyari. Na uku wani dattijon Inyamuri ne da ya riga jihar zuwa garin, don tun kafin a ƙirƙiro ta a 1996 yake nan, Hausarsa har da ɗan Fillanci a ciki. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ko da na samo ta daga Amurka, ramukan ƙusoshinta ba za su haɗu da na injin Marsandi ba, aure ne da babu waliyyi. Ya ce in nemi otomatik ta Marsandi mai giya huɗu, 'yar Beljiyam. Aka yi waya Ƙofar Ruwa a Kano, bayan kwana biyar ta iso a nannaɗe cikin buhu, albashina na wata biyu kuma ya kama hanyar Kano.

Ba zan faɗi unguwar da garejin yake ba, don har yanzu muna gaisawa da Oga. Ya zaga giyar sau biyu, ya ɗan shure ta da ƙafa kamar mai tayin rago, ya ce kwana uku. Mako bakwai aka yi.

Ashe giya ba ta zuwa ita kaɗai, da danginta take tahowa kamar amaryar ƙauye. Faifan nan mai nauyi da ke bayan inji sai an canza shi da siriri. Farfela ba ta yi daidai ba, sai an nemo wata. Akwai siririn tiyo na iska daga inji, akwai waya daga totur, duk su ne ke gaya wa giya lokacin sauyawa da ƙarfinsa. An cire fedar kuloci, aka saka birki mai faɗi kamar faranti. Sai uwa uba, kwanbata, wata ƙwaryar ƙarfe cike da mai, wadda ke zaune a gurbin kuloci. Akwai fanka biyu a ciki suna fuskantar juna: inji ya juya ta farko, ta watsa mai, man ya juya ta biyu, ita kuma ta juya giya. Babu ƙarfen da ke riƙe da wani ƙarfe, mai ne ɗan aike. 'Yan tseren Amurka suna zaɓen ƙwaryar da za ta bar inji ya hau juyi 4,000 ko 5,000 a minti kafin ta kama, don mota ta tashi da cikakken ƙarfinta. Tamu tun wajen 2,000 take kamawa. Na ce wa Oga ya yanka ta ya lanƙwasa fukafukan. Ya dube ni ya ce, "Malam, ni bakanike ne, ba maƙeri ba."

Ban daddara ba. Na nuna masa bidiyon wani maɓalli da suke dannawa a bakin layi, wanda ke kulle giya ta ɗaya da ribas lokaci guda, mota ta tsaya cak inji yana ruri, ana saki ta yi tsalle.

"Wato ta yi gaba ta yi baya a lokaci ɗaya, ba ta je ko'ina ba?"

Na ce haka ne.

"Malam, ai wannan ba mota ba ce, shari'ar gado ce."

Ya ce in bar wahalar da kaina: in danne birki da ƙafar hagu, in ba ta wuta da ta dama, in lokaci ya yi in ɗaga hagun. Da bakinsa ya kai ƙafata ta hagu unguwar birki, ku riƙe wannan.

Saura abu ɗaya. Man otomatik zafi ne ajalinsa, shi ya sa ake bi da shi ta cikin lagireto ya huce. Lagireton motata ba shi da wannan hanyar, aljihuna kuma ba shi da kuɗin sabo. Oga ya haɗa bakin bututun man guda biyu da guntun tiyo, ya ɗaure da waya, ya ce iska za ta sanyaya.

Ranar Lahadi bayan sallar Asuba ni da ƙanin matata muka fita tsere hanyar Dadin Kowa, muka wuce Kwadon kaɗan, inda hanya ta miƙe. Aka auna mita 402 da taku, aka yi gardama kan takun wa za a bi, don nawa gajere ne. Yaron Oga ya zauna kusa da ni riƙe da sifana, wai ko da wani abu. Wani almajiri aka ba hula ya ɗaga. Don in karya wa ƙanin matata zuciya tun kafin a fara, na danne birki na ba ta wuta har sau biyar, mota tana karkarwa, salansa tana tari. Ban san man giya nake dafawa ba.

Hula ta faɗi. Na ɗaga ƙafa.

Marsandi ta taso a hankali, cikin natsuwa da ƙasaita, kamar hakimi zai fita hawan Sallah. Sai daga baya na ji cewa da yawa daga irin wannan giyar da ta biyu suke tashi, Jamusawa sun yi ta ne don kada shayin mai gida ya zube. In kana son ta ɗaya, akwai ɗan maɓalli ƙarƙashin totur da ake takawa, nawa kuwa ba a haɗa masa waya ba. Fijo ta yi nisa. Na nitsa totur har ƙasa, ƙarar inji ta hau, ta kai daidai inda shekara ashirin kunnena ke cewa a sauya. Ƙafar hagu ba ta yi shawara da ni ba. Ta tashi neman kuloci da dukkan ƙarfinta, ta samu farantin birki. Hannun dama shi ma ya yi aikinsa, ya tura sanda zuwa firi.

Goshin yaron Oga ya gaisa da gilas. Sifana ta fita ta taga. Muka tsaya tsakiyar titi, inji yana kururuwa kamar an taka wutsiyarsa, mota ko motsi. Wani mai Keke Napep da ya ɗauko kwandunan tumatir ya zo ya wuce mu, ya leƙo ya ce, "Alhaji, lafiya dai?"

A nan tiyon Oga ya ce ga garinku. Man otomatik ja ne wur, ya malalo daga ƙarƙashin mota ya bi kwalta. Wasu mata masu tallan nono suka hango, ɗaya ta ajiye ƙwarya ta ɗora hannu a ka: an take mutum! Kafin in buɗe ƙofa jama'a sun taru, wasu sun durƙusa suna leƙen ƙarƙashin mota da fitilar waya. Da ba a ga mutum ba, wani tsoho ya ce to akuya ce, kuma tasa ce, tun jiya bai gan ta ba, ga ta da ciki. Sai da na dangwali man na kai masa hanci. Ya shinshina, ya ce ko ma mene ne, akuyarsa dai ba ta dawo ba. Na ba shi na goro.

Na mayar da sanda D, inji lafiya lau, amma ɗan aike ya zube a titi, babu mai kai saƙo ga taya. Samari suka ce a tura. Suna turawa suna ihu, "Saka ta biyu! Saki kuloci!" Na rasa ta inda zan fara bayani.

Ƙanin matata ya dawo da ribas, ya fito yana share hawaye, ya ciro igiya daga but. Shi ya ja ni, ta Liji, ta BCGA, har ƙofar gida, yana tafe yana danna ham ga duk wanda ya sani. Tunda muke da shi, ranar ce kaɗai tazarar da ke tsakanin motocinmu ba ta wuce tsawon igiya ba. Uwargida ta leƙo, ta dubi igiyar, ta dube ni, ta ce, "Malam, na biyu ka zo ke nan? Barka."

Na sayi lagireton, aka gyara. Amma ƙafar ba ta tuba ba. Sau biyu ta sake yi mini, na biyun da surukina a gaba, muna gangarowa daga Tumfure. Hularsa ta faɗa kan dashbod. Ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya mayar, bai ce uffan ba har Jekadafari, sannan ya ce, "Sauke ni nan, zan ɗan taka."

Na koma wajen Oga na ce ya cire farantin ya saka ƙaramin birki, ya mayar mini da fedar kuloci. Ya ce, "A haɗa ta da me?" Na ce kada a haɗa ta da komai, ya saka mata sifirin kawai. Yanzu feda uku gare ni. In ƙarar inji ta hau, ƙafar hagu ta taka abinta, giya ta sauya da kanta, kowa ya samu abin da yake so. Makon jiya na rage wa wani abokin aiki hanya zuwa Pantami, ya yi ta kallon ƙafata, ya ce bai taɓa ganin mai sauya giya sumul irina ba, ko hannu ba na kaiwa. Na ce masa shekara ashirin ba wasa ba ce.