Yadda Za Ka Zama Masani a Samaru Kafin Ruwan Fari

Da zarar hunturu ya naɗe tabarmarsa, mangwaro ya fara nuna a Zariya, sai allunan sanarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru su cika maƙil. Nan lacca, can baje kolin zane-zane, da daddare wasan kwaikwayo, ranar Asabar kuma bikin al'adu. Sabon ɗalibi yakan ruɗe, ya ɗauka sai ya fahimci duk abin da ake yi kafin a kira shi mai ilimi. Ƙanena, kwantar da hankalinka. Ga hanya mafi sauƙi daga bakin tsohon hannu.

Na farko, zaɓi taro da ma'aunin sanyi. A watan Afrilu ranar Samaru ba ta san farfesa ba balle ɗan aji ɗaya, saboda haka kada taken lacca ya dame ka. Tambaya biyu gare ka: ɗakin yana da na'urar sanyi? Akwai abu na bakwai a jadawali? Abu na bakwai, in ba ka sani ba, shi ne lemo da ɗan abin taɓawa da ake rabawa a ƙarshe. In amsa ta zama e, to ko laccar kan cututtukan dawa ce, daga yau kai masoyin dawa ne. Sai dai ka duba kalanda, domin a 2023 da 2024 azumi ya faɗo cikin Maris da Afrilu, masu zuwa don lemo da rana suka koma da ilimi zalla.

Na biyu, koyi gyaɗa kai. Laccar da sabon farfesa ke gabatarwa don shiga sahun manya ita ce babban fagenka. Zauna a layi na uku, inda mai ɗaukar hoto zai gan ka amma mai lacca ba zai tambaye ka ba. Duk sanda aka nuna jadawalin alƙaluma a majigi, gyaɗa kai sau biyu a hankali, ka yi ɗan rubutu a takarda, ko da lissafin bashin mai shayi ne. In barci ya sace ka, dafe goshi da hannu. Daga nesa ba a bambance mai gyangyaɗi da mai zurfin tunani.

Na uku, yi tambayar da ba tambaya ba. Da an ce an buɗe fili, miƙe ka karɓi abin magana. Gai da shugaban taro, da uban taro, da babban baƙo, da sauran manya kowa bisa matsayinsa. Sannan ka ce kai ba tambaya gare ka ba, ɗan tsokaci ne. Yi minti goma kana tsokacin. In shugaban taro ya fara duba agogo, ce "a taƙaice", ka ƙara biyar. Washegari za a nuna ka a ɗakunan kwanan ɗalibai na Suleiman da Ribadu ana cewa ga wanda ya yi magana jiya, ba kuwa wanda zai tuna me ka ce.

Na huɗu, shiga Sashen Zane-zane da hannu a baya. Idan ɗaliban ajin ƙarshe suka baje ayyukansu, tsaya gaban zanen da ka fi kasa ganewa, ka ja da baya taku biyu, ka karkata kai. Kada ka kuskura ka tambayi ina sama ina ƙasa. Ce kawai, "Wannan yana tuna mini da 'yan tawayen Zariya." In aka matsa maka, ga makaminka: a 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane, suna cewa a haɗa dabarun Turawa da fasahar gida maimakon kwaikwayo tsagwaro. Ƙara da cewa wannan ya faru tun ana kiran wurin kwaleji, domin jami'ar sai 1962 aka kafa ta. Daga nan yi shiru ka wuce lambun sassaƙe-sassaƙe, don iliminka ya ƙare.

Na biyar, je ƙauyen wasan kwaikwayo da shiri. Dandalin nan na laka, mai kama da gidan gargajiya da ɗakuna zagaye da tsakar gida, an gina shi ne a tsakiyar shekarun 1970, kuma sararin sama ne rufinsa. Wato kai da sauro tikitinku ɗaya. Tafi da doguwar riga da safa. In hadari ya taso ana tsakiyar wasa, iska ta watsa wa jama'a ƙura, kada ka gudu da wuri. Faɗa wa na kusa da kai cewa darakta ne ya tsara hakan. In kuma ɗalibai suka fita cikin garin Samaru don yin wasan faɗakarwa kan tsafta ko ruwan sha, bi su, amma ka tsaya a inuwa kana cewa ai wasan na al'umma ne, bai kamata 'yan boko su mamaye gaba ba.

Na shida, ari babbar riga don ranar al'adu. Ranar da ƙungiyoyin ɗalibai ke naɗa sarakunansu, ana kiɗa ana busa, ba a zuwa da ƙananan kaya. Ari ta abokin ɗakinka, ka yi haƙuri da gumi, ko da yake kayan aro ba ya rufe katara. In wani ya raina kiɗan kalangu a harabar jami'a, tuna masa cewa jami'ar nan ce ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988, bai kuwa rubuta furojet ko ɗaya ba. Kada dai ka kafa hujja da wannan a gaban malamin da ke duba naka furojet ɗin.

Na bakwai, kai wa Laburaren Kashim Ibrahim ziyarar ban girma. Shiga da littafi mai kauri, ka nemi kujera kusa da soket, ka sa waya a caji. Ɗauki hoton littafin ka ɗora a WhatsApp. In wani daga harabar jami'ar da ke Kongo ya zo yana yi maka fafa da dokoki, ce masa ku a Samaru bincike kuke yi, ba hadda ba.

Na takwas, tara takardun shaidar halarta. Kowane taro ka je, rubuta sunanka a rajista da manyan baƙaƙe, ka karɓi takarda. Kafin ruwan fari ya sauka za ka tara jaka guda, wadda za ta yi maka amfani ƙwarai wajen fifita.

Sai dai akwai haɗari ɗaya da ya wajaba in gaya maka. Mai yawan zuwa waɗannan wurare, ko don sanyi ko don lemo, wata rana sai ya ji wata magana ta shige shi ba shiri. Sai ka gan shi ya daina gyangyaɗi, ya koma gaban zanen nan yana tambayar mai shi da gaske, ko ya buɗe littafin da ya saba ɗauka hoto. Na san mutane da dama da abin ya kama, wasunsu yau su ke tsaye gaban majigi ana gyaɗa musu kai.

In kana tsoron haka, zauna a ɗaki ka ci mangwaronka. Amma jadawalin jarrabawa na nan tafe, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yawancin tarukan nan kyauta ne, ƙanena. Tashi ka je, ko don abu na bakwai.