Ba'are Ya Yi Yaji Daga Gidan Rediyo

Ba'are, bawan Fulani, labari ya iso mu har ruga cewa ka yi yaji. An ce ka rubuta wa mai gidan rediyonku takarda, ka dire masa makulli a kan tebur, ka fito kana kaɗa hannun riga, har butarka ka manta. Daga Matankari zuwa Kore Mairuwa ana ta tambayar ina mai muryar nan ta bayan isha'i, wasu na cewa ciwo ne, wasu na cewa Yamai aka ɗauke shi. Na ce su kwantar da hankalinsu, yana nan Dogon Dutsi a gindin bedi, yana karanta wa masu shayi labaran da a da yake karanta wa Arewa gaba ɗaya.

Ka ce albashi ne. To, a nan ba zan ƙaryata ka ba, ko da yake ƙaryata Ba'are lada ne. Tun 2012 mafi ƙanƙantar albashi a Nijar jika 30 ne da ƴan canji, sai a farkon 2024 aka ɗaga shi zuwa jika 42. Kai ko na farkon ba ka taɓa riƙe shi a dunƙule ba. Aka ɗauke ka da sunan mai koyon aiki, furfura ta fito maka kana mai koyon aiki. Ƙarshen wata ya zo a ce "a ƙara haƙuri, kuɗin tallace-tallace ba su shigo ba", a cusa maka abin shan mai a aljihu. A ƙarshen 2021 an sa hannu a Yamai kan yarjejeniyar da za ta tsara albashi da haƙƙin ma'aikatan jarida. Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin ko bangonta a ofishinku?

Amma fa shekara da shekaru kana cikin wannan yunwar ba ka motsa ba. Ka san yadda kake lallaɓawa. Taron ƙara wa juna sani na ƙungiyoyi ba ya wuce ka, saboda kuɗin zama da farantin shinkafa. Alhaji ya aurar da ɗiya, ka jero sunansa da na kakanninsa a filin gaishe-gaishe, washegari ka bi ta shagonsa "don a gaisa". Mu dai a wurinmu wannan sana'a tana da masu ita, kuma su ba sa ɓoye kalangunsu. Ga suna kuma: ka shiga tasha a ba ka gidan gaba, mai tsire ya ƙara maka yanka biyu. Mai gidanku ya san da wannan sarai, shi ya sa bai taɓa jin tsoron za ka tafi ba.

Bari in tuna maka wanda yake ciyar da kai, tunda kun iya mantuwa. Gidan rediyon karkara ba shi da rijiyar mai. Abin da ke shigo masa sanarwa ce: rasuwa, ɗaurin aure, suna, cigiyar yaro, da cigiyar dabba. Wa ke ɓatar da bijimi ya zo ya biya a yi cigiya sau uku? Mu. Wa ke rataye rediyo a kafaɗa tun hantsi har shanu su koma garke? Mu. Ashe ko a can ma Bafulatani kake yi wa bauta. Bayan sanarwa sai katin gaisuwa, sai kwangilar ƙungiyoyi ta shirin rigakafi ko karatun ƴaƴa mata, sai ɗan abin da ake samu wajen kama shirye-shiryen manyan gidaje na waje.

Yanzu duba yadda waɗannan ƙofofi suka riƙa rufewa. Sanarwar rasuwa ta koma WhatsApp, a yi murya ɗaya ta zaga dangi har Kangiwa da Kwatano ba a biya ko dala ba. A watan Agusta na 2023 aka dakatar da RFI a Nijar, a Disamba na 2024 aka dakatar da BBC na wata uku, a Maris na 2025 gwamnatin Amurka da kanta ta tsuke bakin Muryar Amurka. Ƙungiyoyin waje da dama sun naɗe tabarma bayan juyin mulkin 2023. A cikin Agustan 2023 ɗin dai Najeriya ta yanke wutar da take turowa, ba ta maido ba sai a Maris na 2024, kuma injin wuta ba ya shan haƙuri, mai yake sha. Mai gidan da kake zagi a gindin bedi, shi ma da bashin mai yake kwana. Abu ɗaya ya rage masa na sayarwa, shi ne lokaci, kuma lokacin da ya fi tsada shi ne naka.

Nan ne wutsiyarka ta fito. An ɗauke filinka na bayan isha'i, lokacin da manomi ya ci tuwo ya miƙe ƙafa, aka sayar wa mai maganin basir da sanyin ƙashi, wanda ke zube kuɗinsa lakadan kafin ya zauna. Kai kuma aka tura ka tsakar rana, sa'ar da ba mai sauraro sai tela da kaji. Wata da watanni ba albashi ka ce Allah na nan. Aka taɓa sa'arka kwana biyu ka rubuta takarda. Wai har da cewa an raina ka, an naɗa ɗan ƙanwar mai gida shugaban shirye-shirye, yaron da kai ka koya masa inda ake danna maɓalli. Wannan kam da ciwo, na yarda. Da ciwo kuma a ce maka kada ka karanta kukan mutane a kan rumfunan kasuwa saboda hukumar gari na da sanarwa a layi. Sai dai duk rigimar nan uwarta ɗaya: gidan da ba ya iya biyan ma'aikaci ba ya iya ce wa mai kuɗi a'a.

Zan faɗi wata magana sau ɗaya, kada ka saba. Filin nan naka yana da amfani. A Dallol Mauri, inda gona ke cin burtali kowace damina, sanin ranar sakin gonaki ba ƙaramin abu ba ne. Kai ne kake faɗar ranar da hukuma da sarakuna suka tsayar, ka maimaita ta har kurma ya ji, ka zaunar da manomi da makiyayi su yi ta musu a iska maimakon a bakin rijiya. Sanda nawa wannan ya hana ɗagawa, Allah kaɗai ya sani. Mai maganin basir ba zai faɗi ranar sakin gonaki ba. Shi ya sa yajin naka ya fi cutar da mu fiye da wanda ka yi dominsa.

Da ka tambayi tsofaffi, da sun gaya maka cewa tun asali aikin nan ba ya ba mutum riba biyu. Lokacin da aka buɗe Rediyon Nijar a 1958, aka kafa hukumar rediyo da talabijin ta ƙasa, ORTN, a 1967, mai magana a rediyo ma'aikacin gwamnati ne. Albashinsa na zuwa, fanshonsa na jiransa, amma abin da aka miƙo masa shi zai karanta. Da gidaje masu zaman kansu suka fito, R&M a 1994, Anfani ta Grema Bukar a bayanta, sannan rediyon karkara na farko a Bankilare a 1999, sai baki ya buɗe, aljihu ya rufe. Ku Arawa ma kuna da tarihi da rediyo, ba sai na tona da yawa ba. Zamanin mulkin ɗanku na Dumega, marigayi Janar Bare, Allah ya jiƙansa, sojoji suka rufe Anfani a 1996, a 1997 kuma wasu masu kaki suka farfasa mata kaya. Ma'aikatanta suka share gilasai suka koma kan iska. Musa Kaka, mai gidan rediyon da ke ɗauke da sunan Sarauniyarku ta Lugu, ya shiga kurkuku a Satumba na 2007 bai fito ba sai Oktoba na 2008, ya fito ya koma bakin aikinsa. Kai jikan waɗanda suka tari Bule, jagoran sojan Faransa, da kibau a 1899, mai tallar garin magani ne ya kore ka.

Kuma in za a yi yaji, a san gidan da za a sauka. Ayarin ma'aikatan BBC Hausa da suka ajiye aiki wajen ƙarshen 2022, akasarinsu TRT Afrika ta Turkiyya suka nufa, kujera na jiransu kafin su miƙa takarda. A Kano mai gabatarwa ya fusata da safe, da yamma ka ji shi a wata tasha, domin gidajen sun yi yawa. Kai a Dogon Dutsi in ka fita ƙofar nan, ƙofa nawa ta rage? An ce ka buɗe shafi a Facebook kana magana kai tsaye. Na leƙa, na tarar da mutum bakwai, huɗu surukanka ne, ɗaya kuma mai bin ka bashi. Ka ce za ka koma noman dankalin turawa kamar sauran mutanen garinku. Hannun da bai taɓa ɗaukar abin da ya fi takardar sanarwa nauyi ba?

Na san yadda za ta ƙare. Salla na matsowa, ƴan kasuwa za su kawo talla, mai gida zai turo dattijo biko da jika goma da alkawarin gyara, kai kuma ƙaiƙayin makirfo ya riga ya hana ka barci. In za ka koma, ka yi abin da ba ku saba ba, wato dabara. Ka ce a rubuta albashin a takarda da sa hannu, a rubuta sa'ar filinka a cikinta, a ware maka kasonka a duk tallar da ka kawo da ƙafarka. Ku haɗa kai da sauran abokan aikin, domin mai yaji shi kaɗai ba a rasa wanda zai hau kujerarsa kyauta.

In kuma zuciya ta hana, akwai aiki a wurina. Yaron da ke bin shanuna ya tafi Kwanni. Albashi nono safe da yamma, ba jiran ƙarshen wata, in ka yi hankali in ba ka karsana habbanaye ka ci ƴaƴanta. Shugaba ni ne, kuma ba ni da ɗan ƙanwar da zan ɗora maka. Shiri kuwa naka ne daga fitowar rana har faɗuwarta, ka yi wa shanu sharhi a kan duk abin da ka ga dama. Ka zo da sandarka da takalmin roba, batir ɗin rediyo kuma kai za ka riƙa saye.