Gidan Ƙasa a Ƙasar Ƙanƙara

Tsaya, Malam, mayar da bakin nan da ka taɓe. Daga na ce ɗan ƙaramin gidan ƙasa a kan duwatsun Himalaya, ba murhu ba gawayi, har ka fara yi mini kallon mai tallan maganin basir a tasha.

Ka ce kai ma ka san sanyi? Na shaida. Ba kai ne ka kwana biyu a Jos cikin Janairu ka dawo kana ba da labari kamar wanda ya dawo daga yaƙi ba? Hunturu na kaɗawa ka jibga riga uku, ka yi hannun riga da wanka. To, a Ladakh, can arewacin Indiya, garin Leh yana zaune ne a tudu mai kusan mita 3,500 sama da teku, kuma a tsakiyar sanyi ma'auni kan faɗi zuwa digiri 20 ƙasa da sifili cikin dare. Ruwan buta dutse yake kwana. Hanyar mota daga Srinagar, wadda ta bi ta mashigar Zoji La, ƙanƙara kan toshe ta duk shekara. Itace kuwa sai inda aka dasa a bakin rafi, don ƙasar hamada ce, hamadar da ke sa haƙora rawa. Busasshen kashin shanu ake ƙonawa, sai kananzir da aka hauro da shi a mota tun kafin hanya ta rufe.

Sai dai Allah bai hana su duka ba. Ya ba su rana tarwai kusan kwana 300 a shekara.

Ka ce rana a cikin ƙanƙara ai ado ce? Je ka faɗa wa Sonam Wangchuk. Injiniya ne ɗan ƙasar, wanda ya kafa ƙungiyar SECMOL tare da abokansa a 1988. Makarantarsu da ke Phey, a bakin kogin Indus, da ƙasa aka gina ta, ana zubawa tsakanin katako ana daɓewa. Ɗalibai na kwana a ciki duk sanyin nan ba a hura wuta don ɗumi, ɗakuna suna zama wajen digiri 14 ko 15 yayin da waje ke daskarar da komai. A 2021 ma ya haɗa wa sojojin Indiya tanti mai ɗumama kansa da rana, na mutum goma.

Aljanu? Haba Malam, ka bar aljanu su huta. Dabarar ko yaron magini zai gane ta. Ana juya fuskar gidan kudu, domin a can, lokacin sanyi, rana ƙasa-ƙasa take bi ta kudu, kamar mai leƙen taga. Wannan bangon ana yin sa da kauri, a shafe shi da baƙi, a kafa gilashi a gabansa, a bar ɗan fili tsakani. Haske ya ratsa gilashi, bango ya sha, zafi ya rasa hanyar komawa. Yini guda yana kutsawa cikin ƙasar a hankali, sai bayan isha ya ɓullo ta cikin ɗaki, daidai lokacin da ake nemansa. Bangon Trombe ake ce masa, da sunan Félix Trombe, Bafaranshen da ya gwada shi a wani gida a Odeillo, kan duwatsun Pyrenees, a 1967. Sauran bangaye ukun kuwa ruɓi biyu ake yi, a cusa bambaro ko dusar katako a tsakani, taga ta arewa a yi ta 'yar mitsitsiya ko a hana ta fitowa sam. Da zafi ya zo, rana ta haye tsakiyar sama, bakin rufi ya yi wa bangon inuwa.

Na ga ka yi shiru. Ka tuna soron kakanka ko? Wanda ka rushe ka dasa bulo da kwano, yanzu da rana ka gasu, da asuba ka daskare, kana kiran abin ci gaba. Tubalin nan da ka raina, shi ake kai ɗaliban jami'a kallo a Ladakh.

Ka ce to a yi gidan babba mana, me ya kawo akurki? Yauwa, yau dai ka yi magana mai kai, kuma zan ba ka rabin gaskiya, rabi kawai. Shayin kofi ya fi na tukunya saurin hucewa. Ɗaki mai mita uku ta kowace fuska yana da fatar da sanyi ke lasa murabba'in mita 54, cikinsa kuwa kubik mita 27. Ka ninka shi zuwa mita shida, fata ta zama 216, ciki ma 216. Wato ƙaramin, gwargwadon cikinsa, ya fi babban zubar da ɗumi ninki biyu, shi ya sa dole bangonsa ya fi kauri. Ga rabin da na riƙe: 54 dai kashi ɗaya cikin huɗu ne na 216. Kuma kowane mutum a zaune yana fitar da ɗumi kusan wat 100, kamar tsohon ƙwan lantarki. Kai da uwargida da yara biyu kun zama murhu. A falon Alhaji mai kujeru talatin wannan ɗumin ko labule ba zai ji ba. Mutanen Ladakh na dā sun san lissafin tun kafin a kawo musu alli: dabbobi a ƙasan bene, iyali kuma su dunƙule a ɗakin girki har sanyi ya wuce.

Ka ce sai a toshe kowace kafa a shigo da kaskon gawayi? Nan kam na daina wasa na minti ɗaya. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba marar wari, mutum ya kwanta barci bai tashi ba. Ko ba wuta, numfashi da tururin girki suna jiƙa bango su rufe gilashi da raɓa. Ƙaramin gida ya fi kowane gida bukatar kafar iska da aka tsara da gangan. Minti ɗaya ya cika.

Bayi fa? Na san can za ka. Famfo fashewa yake idan ruwan ciki ya daskare, don haka masan Ladakh ba ya shan ruwa. Hawa biyu ne, rami a sama, ka gama ka watsa shebur ɗin ƙasa, bayan watanni a kwashe a kai gona. Kada ka toshe mini hanci, kai da kake sayen taki buhu-buhu kana kuka da tsada.

Ka ce ruwan sama zai narkar da gidan? Leh ba ta samun fiye da kusan milimita 100 a shekara, abin da wani hadarin Agusta kan zubar a dare ɗaya a wajenmu. Amma ba zan ɓoye maka ba, a watan Agustan 2010 sama ta ɓalle a kan Leh, laka ta kwararo, aka rasa mutum sama da 200, gidaje da yawa suka rushe. Gidan ƙasa yana son harsashin dutse, yana son indararo, kuma ba ya son a dasa shi a hanyar ruwa. Wannan ma kakanka ya sani.

Me? Ka gamsu, har za ka gina irinsa a Sakkwato? Baƙin bango, gilashi a gaba, cikin watan Afrilu? Bismillah. Ka dai sanar da ni ranar tarewa, in zo da yaji da albasa.