Ya Bushe Kuwa?

Duk wanda ya ajiye ɗan injin yankan zane a zaure ko a gareji, yana fitar da fure da haruffa a jikin falanki don sha'awa kawai, to ya buɗe majalisa ko bai yi niyya ba. Ƙarar injin ba ta da yawa, amma tana da kira. Kafin ka gama huda ramukan farko ka zura zarto, inuwar mutum ta tare maka haske, kuma daga irin sallamarsa za ka san da wa kake tare.

Akwai mai lissafi. "Nawa ka sayi injin? Nawa ake sayar da irin wannan agogon bangon?" In ka ce masa ba na sayarwa ba ne, sai ya yi shiru, ya dube ka da idon tausayi, ya soma ƙirga man janareto da kuɗin falanki a yatsunsa, ya rufe da cewa da kaji ka kiwata da tuni an wuce wurin. Ba ya daɗewa, yana da wasu gidajen da zai je ya yi wa hisabi.

Malamin waya ya fi shi zama. Wannan bai taɓa tsinka zarto ba, saboda bai taɓa ɗaura ko ɗaya ba, amma babu bidiyon da bai kalla ba. Zai gaya maka zarto mai lamba 3 na siririn falanki ne, mai lamba 9 na mai kauri, kuma wanda haƙoransa na ƙasa suka juyo sama shi ke hana bayan katako tsattsagewa. Zai ce injinka ba laifi, amma fa Hegner na Jamus shi ne inji. Zai ba ka labarin John Spilsbury, mai zanen taswira a Landan, wanda a shekarun 1760 ya manna taswira a katako ya yayyanka ta ƙasa-ƙasa don yara su koyi haɗawa. Abin haushin, duk gaskiya ya faɗa. Miƙa masa samfefa ka ce ya kama maka gefe guda, nan take zai tuna an kusa kiran La'asar.

A cikin masu taɓa aikin da hannunsu kuma akwai biyu da ba su taɓa jituwa ba. Na farko yanka yake so, abin da ya biyo baya duk ɓata lokaci ne a wurinsa. Zai ɗan shafa samfefa mai lamba 80 a gicciye, ya hure ƙurar da baki, ya tsoma buroshi har wuya ya lafta banish. Kafin Magariba duk karcen da ido bai gani ba ya fito fili, banish ya taru a kusurwoyin furen yana ɗiga, ya daskare a haka. In ka yi magana ya ce daga nesa ake kallon abin bango. Na biyu kuwa ba ya sauka daga kan samfefa. Ya bi 120, ya bi 180, ya bi 220, ya je ya nemo 400, yana shafa aikin a kumatunsa don ya ji ko akwai saura. Falankin da ya sayo mai kaurin milimita 6 ya koma 3, ganyen furen ya siɗe, shi kuma yana cewa saura kaɗan. Ban taɓa ganin abin da ya gama ba, amma na ga yatsunsa, ko na'urar banki ba ta gane su.

Mai baƙin mai ba ya buƙatar dogon bayani. Ya taɓa yin rufin gida, ya ga kafintoci suna shafe katakon rufi da baƙin mai da Solignum saboda gara, tun daga ranar maganin kowane itace ke nan. Ko akwatin turaren amarya ka nuna masa, zai ce a shafa. Ƙanensa shi ne mai cewa a sa man gyaɗa, kyauta ne a kicin, ba ya zuwa ranar da man ya yi ɗoyi kiyashi suka yi layi.

Sai gwanin itace, wanda ba ya ganin kowane katako da gashi in ba madobiya ba. Ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka zaɓo madaci busasshe mai kyan layi, ko malaina mai sauƙin yanka, shi kuwa ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya taɓe baki. Madobiyar da yake kira, an yi ta sararta a dazukan Taraba da maƙwabta ana lodawa zuwa Sin, har a 2016 taron yarjejeniyar CITES a Johannesburg ya sa ta cikin itatuwan da aka ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe. Ya sani sarai. Abin da ya sa yake sonta ke nan, ba za a samo ta a ce ya gwada ba.

Hajiya ita da mutunci take zuwa, da hoton abin da take so a waya: sunan ango da amarya, kewaye da reshe mai sirara. Ka yi mata bayani cewa dole a bar ɗan gada a cikin harafi, in ba haka ba cikinsa zai faɗo, ta ce ita dai a yi yadda yake a hoto. Ka yanka, ka goge, ka shafa mai har jan madacin ya taso, ta zo ta yaba, sannan ta ce a fesa masa ruwan gwal ya dace da labule. Ka haɗiye, ka fesa. Ana jibi kai amarya sai waya: "Malam, don Allah ka yi haƙuri, yarinyar ta ce ita da 'y' take rubuta sunanta." Wanda aka sake yi kuma direba ya sa a but ƙarƙashin buhun shinkafa.

Duk waɗannan masu wucewa ne. Wanda ya zauna mini daram shi ne Baba, dattijon maƙwabcina, mutumin kirki, mai zumunci, wanda tun ina yaro nake durƙusa masa. Allah ya jarrabe shi da ɗanyen banish.

Ba ya zuwa lokacin yanka, ƙura tana sa shi tari. Ba ya zuwa lokacin goga. Sai ka tace banish, ka share wurin, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, ka ja shafar ƙarshe, wadda ta kwanta sumul har kana ganin ƙwan fitila a cikinta, ka ja da baya kana riƙe numfashi, sai ka ji, "Salamu alaikum, ana aiki?" Yadda warin ke kai masa har ɗakinsa, Allah kaɗai ya sani. Zai shigo hannuwansa biyu a baya, ka ce ga mai kiyayewa. Ya zagaya teburin a hankali, ya sunkuya, ya karkata kai. "Masha Allah. Kai, yaron nan Allah ya yi maka hannu." Kana cikin cewa amin, hannun dama ya riga ya fito. Tambayar da yatsan tare suke sauka: "Ya bushe kuwa?"

Kuma Baba ba ya taɓa baya, ba ya taɓa gefe. Tsakiya yake nufa, daidai inda haske ke faɗawa. Ya ɗaga yatsan, zaren banish ya biyo shi, ya duba, ya sansana, ya ce da mamaki na gaske, "Ashe bai bushe ba." Da a nan ya tsaya da sauƙi, domin ɗanyen banish yakan ɗan rufe rauninsa in an ƙyale shi. Amma Baba mutum ne mai kunya, ba ya son ya ɓata wa mutum abu ya tafi. Sai ya kama gefen babbar riga ya ce bari ya gyara. Kafin ka ce "Baba, bar shi," shadda ta bar zarenta a wurin, tambarin yatsa ɗaya ya zama fili guda. Sannan ya hura masa iska daga bakin da ke tauna goro.

Me za ka ce? Dattijo ne. Sai "Ba komai, Baba, dama zan ƙara wata shafar." Shi kuma ya ji daɗi ya ce ai ya lura tana buƙata.

Na bi hanyoyi. Na rubuta "Kada a taɓa" a kwali na jingina, ya ɗauki kwalin ya matso da shi ido, ya karanta da ƙarfi, ya yaba rubutun, ya ajiye shi a kan aikin. Na kifa babban kwali na rufe, ya ɗaga don ya ga abin da ake ɓoyewa, lokacin hunturu ne, ƙura ta samu ƙofa, washegari fuskar agogon ta fito da ƙuraje kamar kantun riɗi. Na shafa wa wani guntun banza banish na ajiye a bakin ƙofa musamman dominsa, ya dube shi, ya tsallake, ya wuce wurin na gasken. Ranar da na koma shafa mai zalla, wanda ba ya ɗaukar tambari, ya taɓa, ya murza yatsu, ransa bai yi daɗi ba, ya ce na baya ya fi ƙyalli. Akwai abin ɗora Alƙur'ani da na kai masallacin unguwa, har yau in ka karkata shi ga haske za ka ga babban yatsan Baba a tsakiya. Shi da kansa yake nuna wa mutane, yana cewa da shi aka yi.

Akwai wani kuma da ba zan tsananta masa ba, don na san uzurinsa. Shi ne mai ajiya. Ba ya zubar da guntun katako ko da cikin harafin "O" ne, buhu-buhu suke a bayan ƙofa, kowanne wai yana da ranarsa. Gwangwanayen banish sun yi fata a sama, ba a yar ba. Ayyuka kuwa duk an yanka, an jera, ana jiran lokacin shafa. Da hunturu ƙura ta yi yawa. Da bazara banish yana bushewa a bakin buroshi. Da damina laima tana sa feshi ya yi fari-fari, katako ya kumbura. Saura 'yan makonnin kaka, su kuma a nan bukukuwa suke. Taswirar Najeriya mai jihohi 36 da ya yanka wa 'ya'yansa tana nan ba fenti, yaran sun gama firamare, Ebonyi ta ɓata. In uwargida ta nemi guntaye biyu ta hura gawayi, sai in ce mata ta bari in duba tukuna.

Waɗannan duka ina iya shan shayi da su. Akwai guda ɗaya da ba na yi wa dariya. In aiki ya fi ƙarfin buroshi, dole ka kai shi wurin masu feshi, kuma a nan za ka same shi: ogan da ke tsaye a waje, a inuwa, da hankici a hanci, yana ba da umarni ta taga. A ciki kuwa yara ne, wasu ko gemu ba su fara ba. An rufe ƙofa, an toshe taga da buhu don kada ƙura ta ɓata wa mai kaya gado. Ɗaya yana riƙe da bindigar feshi, hazon tina ya cika ɗakin har ba ka ganin bango. Ɗaya yana tsugune yana goge allon MDF, garin ya rufe masa gira da gashin ido. Ba takunkumi, ko kuwa tsohuwar singileti aka ɗaura, wadda ba ta tare tururin tina ko kaɗan. Abin da ke tare shi sai irin takunkumin nan mai gwangwanin gawayi a gefe. Kuɗinsa bai kai ribar gado ɗaya ba.

Tina dangin sinadaran da ke cikin sholisho ne, wanda muke kora yara a kansa a bayan tasha. Ƙurar katako kuma tun 1995 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo kansa, musamman ta cikin hanci. Oga bai karanta wannan ba, amma ya san warin, shi ya sa yake waje. Abin da ya tanada shi ne madarar gwangwani. Da yamma yaro ya fito idonsa jawur, yana layi, yana tofar da yawu launin fentin da aka fesa, sai a fasa gwangwani ɗaya a raba wa mutum uku, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, abin da aka shaƙa yana huhu da jini.

Na yi masa magana, da ladabi, don aikina yana hannunsa. Ya cire hankicin daga hanci ya ce, "Yallaɓai, mu ma haka muka koya, ga mu nan ba abin da ya same mu." Bai ƙarasa ba tari ya sarƙe shi, ya daɗe yana yi, ya juya ya leƙa ta taga ya ce wa yaron ya ƙara wa ƙofar durowar nan shafa ɗaya kafin a ɗauke wuta.