Malaman Jami'a a Gindin Dutsen Kufena

Shugaban tsangayarmu ne ya kawo shawarar. Ya ce tunda kullum muka shiga ɗakin taro sai mun tashi baram-baram, mu gwada fita daji wata Asabar mu taka ƙasa, ko Allah zai sa zukata su yi sanyi. Aka zaɓi Dutsen Kufena, can wajen Wusasa a Zariya. Aka sa ƙarfe shida na safe. Takwas da rabi muka tashi, don Farfesa bai iso ba.

To da shi zan fara. Ya zo cikin babbar riga ta shadda ta sha sitaci, ga zanna-bukar, ga takalmi sau-ciki yana ɗaukar ido, kai ka ce ɗaurin aure aka gayyace shi. Kayan ba su dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne babu mai iya wuce gabansa, shi kuwa tafiyar hawainiya yake yi. Haka muka yi jerin gwano a bayansa, kowa na "a hankali, ranka ya daɗe", alhali a zuci cewa muke "ɗaga ƙafa mana".

Sai Malam Latin, masanin tsirrai, wanda ba ya wuce bishiya bai raɗa mata suna ba. Ya dafa wata ya ce, "Jama'a, wannan ita ce Parkia biglobosa." Wata tsohuwa mai tsintar itace ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, ɗorawa ce fa. Da kalwarta muke daddawa." Bai daddara ba. Ya ja mu gindin gawo ya shiga bayanin yadda yake kaɗe ganye da damina ya yi sabon ganye da rani, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Tsohuwa ta ɗora itacenta a ka ta ce, "Wannan ai ko jikata ta sani." Nan take ya zaro littafi ya tambayi sunanta, wai zai sa ta cikin majiyoyin bincikensa.

Masana tarihi biyu muka zo da su, kuma kuskure ne, ɗaya ya isa. Tun a Wusasa suka fara, gaban tsohuwar cocin nan ta ginin ƙasa da aka yi a 1929, a garin da Yakubu Gowon ya tashi. Da muka kai kufan ganuwar gindin dutse sai abin ya zama kokawa. Wannan ya rantse aikin Sarauniya Amina ne, wancan ya ce ganuwar ta girme ta nesa ba kusa ba. Suka koma garin Turunku, suka dawo Kufena, suka sake komawa. A baki sun yi tafiyar da ta ninka tamu sau goma, ƙafafunsu ko motsi ba su yi ba.

Ɗan ƙungiyar malaman jami'a kuwa duk inda ka nuna masa, ASUU yake gani. Ka ce dubi tsuntsun can, ya ce ko shi ya fi mu samu, tunda ba a riƙe masa albashi. Yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 2009 tana kansa kamar karatun allo, yajin aikin wata takwas na 2022 kuma ya ba mu labarinsa rana-rana, sai ka ce ba tare muka ci bashin ba.

Akwai mai agogon ƙirga taku. Batir ya mutu a tsakiyar hanya, ya ce tafiyar yau ta tashi a banza.

Wanda ya fi ba ni tausayi ɗalibin digiri na uku ne. Ba a gayyace shi ba, ya dai ji labarin malaminsa zai zo. Shi ne riƙe gorar ruwa, shi ne kakkaɓe dutse kafin malam ya zauna, ambulan kuma na maƙale a hammatarsa. Sai da ya ga malam ya jingina yana haki ya matso ya durƙusa.

"Allah gafarta malam, dama babi na ukun nan ne."

"A nan ma? La haula!"

Malamin falsafa tun farko ya ce shi tafakkuri ya kawo shi, kada a dame shi da surutu. Ya ware gindin tsamiya ya lumshe ido. Muka girmama shi ƙwarai, har sai da muka fara jin minshari.

Hajiya ta sashen lissafi ce kaɗai ta san abin da ta fito yi. Ta zo da kula biyu da jarka, aka yi ta mata dariya, wai walima za ta. Rana na take tsaka kowa ya fara kewaya ta kamar kaza ta ga tsaba. Da masa da zoɓo ta sayi tsangaya guda, har da ɗan ƙungiya, wanda a karon farko ya yi shiru.

Ni kuwa da nake wannan tsegumi, rabin dutse na zube na ce hotuna nake ɗauka. Daga nan na hango Farfesa ya tuɓe babbar riga ya rataya a kafaɗa, takalmi a hannu, wani ƙaramin malami da bai taɓa amsa gaisuwarsa da kyau ba yana jan hannunsa. Na kuma ga mutum biyu da suka shekara uku ba sa ga-maciji kan rabon ofis suna shan ruwa a gora ɗaya. Ranar Litinin sun koma faɗansu, amma an lura murya ta ragu.

An sa wata fitar Asabar ta farkon wata mai kamawa, ƙarfe shida. Kowa ya zo da ruwansa, don Hajiya ta ce ta riƙe sunayen waɗanda suka yi mata dariya.